Babban hutu: ana hangen Turai a waya, ana wuce tarihin Ƙonni da Adar a guje

Ƙarfe biyar na asuba ba ta yi ba, amma tashoshin manyan motoci na Birnin Ƙonni sun riga sun cika maƙil. Farkon watan Yuli ne, an rufe makarantu, babban hutu ya kama. Motar Yamai na ɗumama inji, ta Damagaram na jiran waɗanda suka tsaya salla, 'yan kabu-kabu kuwa sai sauke mata da yara suke yi, kowa da ƙullinsa.

A gindin kowace mota ga tsaraba jibge: rabin buhun albasar Galmi, garin kuka a leda, daddawa, zabi biyu an ɗaure musu ƙafafu. Wannan yaro wajen kawunsa za a kai shi a Maraɗi. Waccan yarinya za ta yi wata guda gidan gwaggonta a Tawa. Wasu uku kuma kakarsu ce ta aiko daga Badagishiri cewa in ba a kawo mata su bana ba, ita da kanta za ta zo ta kwashe su.

A kan benci, 'yan mata sun haɗa kai a kan waya guda. Hotunan wasu dangi suke kallo, mazauna Beljiyam, waɗanda suka ɗauki 'ya'yansu suka zaga abokan arziki a Faransa da Italiya. Ga su gaban hasumiyar Eiffel, ga su a kangon tsohon dandalin Roma, ga su cikin kwalekwale a birnin Benis mai titunan ruwa.

Irin waɗannan hotuna sun zama ruwan dare a WhatsApp da TikTok, sun kuma shigo da wata tambaya cikin gidaje: "Baba, mu yaushe za mu je?" Amsar ba ta da daɗi ga mafi yawan iyaye. Sai dai akwai wani abin da ba a cika lura da shi ba. Motar gabas za ta ratsa ta kusa da inda aka haifi Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo. Ta arewa za ta bi ta yankin da wani masallacin ƙasa ya ci babbar lambar gine-gine ta duniya. Da wuya a sami wanda zai nuna wa yaro ko da ta taga.

Hutun Bature, ziyarar Bahaushe

Tafiyar hutu da iyali ba daɗaɗɗiyar al'ada ba ce ga talakan Turai. A Faransa sai a 1936 doka ta ba ma'aikaci hutun mako biyu da albashinsa, aka yi ta ƙarawa har ya kai mako biyar a 1982. Jirgin ƙasa mai arha, motar gida, daga baya kuma yarjejeniyar Schengen da ta ɗauke shingayen kan iyaka, su suka mai da abin na kowa da kowa. Yau Faransa kaɗai na karɓar baƙi kusan miliyan 100 a shekara.

Abin ma har ya fara gundurar masu masauki. A 2024 hukumar birnin Benis ta sa wa masu zuwa yini guda harajin yuro 5 a ranakun cunkoso, mutanen Barselona kuma suka fito zanga-zanga saboda baƙi sun tsauwala kuɗin hayar gidaje.

Bahaushe kuwa ba a koya masa tafiya. Fatake sun yi ta zuwa Gwanja neman goro, alhazai sun yi shekaru a ƙafa kafin su ga Makka, almajirai sun bi malamai gari gari. Adarawa har yau sun yi suna wajen tafiya biɗa, daga Abijan zuwa Libiya da Aljeriya. Turai ɗin ma ba yau aka fara zuwa ba. A 1855 wani saurayi ɗan ƙasar Damagaram, Dorugu, ya bi matafiyin nan Heinrich Barth har Landan da Jamus, ya kuma ba da labarin abin da ya gani da Hausa, aka rubuta. Abubakar Imam ya je Ingila a 1943, ya dawo ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi.

Bambancin yana wajen dalili. A nan ana tashi ne don neman abinci, ko ilmi, ko ibada, ko zumunci. Mutum ya ɗauki guzuri ya tafi kallon tsohon gini kawai, ba biki ba ta'aziyya, wannan sai a ce ko dai kuɗi sun yi masa yawa ko aiki ya yi masa kaɗan.

Ƙofar Turai ta ƙara ƙunci

Ga magidancin Ƙonni ko Malbaza da ke da ɗan'uwa a Turai, lissafin kan mutu tun kafin a kai filin jirgi. Tun Yunin 2024 kuɗin neman bizar Schengen ya koma yuro 90 ga babba, wato kimanin jaka 59 ta sefa, yaro mai shekara 6 zuwa 12 kuma rabin haka. Albashi mafi ƙanƙanta a Nijar jaka 42 ne a wata. Idan aka hana biza, kuɗin sun tafi ke nan.

Bayan wannan akwai takardar gayyata daga mai masauki, da inshorar lafiya, da bayanin asusun banki na watanni, da shaidar cewa mutum yana da aiki ko dukiyar da za ta dawo da shi gida. Manomin da arzikinsa ke cikin rumbu da garke ba shi da takardar da zai nuna. A shekarun nan, kusan uku cikin kowane goma na 'yan Afirka masu neman wannan biza ana mai da su hannu rabbana.

Siyasa ta ƙara ɗaure lamarin. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, kamfanin Air France ya dakatar da zuwa Yamai, a farkon Janairun 2024 kuma Faransa ta rufe ofishin jakadancinta. Mai son zuwa Paris yanzu sai ya biya ta Kasabalanka, ko Istanbul, ko Adis Ababa. Tikitin zuwa da dawowa na mutum guda kan tasam ma rabin miliyan ko ya zarce, balle a ce uba da uwa da yara huɗu.

Shi ya sa masu hannu da shuni na yankin suka fi karkata ga Umra, ko Dubai, ko Turkiyya, inda ake haɗa ibada ko sarin kaya da shaƙatawa. Hotunan Turai da ake gani galibi na waɗanda suka riga suka zauna can ne da takardunsu. Su ma da yawansu, in hutu ya zo, gida suke yowa, don yara su ji Hausa, su san kakanninsu.

Zumunta a ƙafa take

Wannan ba ya nufin mutanen nan ba su da hutu. Suna da shi, kuma tsarinsa ya fi na kamfanonin tafiye-tafiye ƙarfi, domin ba ya buƙatar otal.

A duba yadda ake tarbar baƙin hutu a wani gida a Illela ko Dogarawa. Kafin su sauke kaya an shimfiɗa tabarma, an kawo ruwan randa, an dama fura. Kaka ta kama jikanta namiji tana cewa angonta ya rame, wa ya hana shi abinci. Ta juya ga mace ta ce kishiya ta iso, a ɓoye mata maigida. Taubasai sun fara tsokanar juna tun a zaure. Maigida ya leƙa bayan ɗaki ya kamo zakara.

"Kun zo lafiya? Ya hanya? Ya mutan gida? Ina su Inna?" Gaisuwar kan ɗauki lokaci, don sai an bi dangi ɗaya bayan ɗaya. Washegari a fara zagaye: gidan baffa, gidan aminin uba, gidan da aka yi rasuwa ba a samu zuwa ba, gidan da aka haihu. Ranar komawa a cika buhu da gero, da cuku in daga arewa ne, da kilishi ko tabarma in ta Madawa aka biyo.

A irin wannan zuwa ne yaron birni ke koyon riƙe hauya, ɗan ƙauye ya ga wutar titi da gidan sama. A nan ake ƙulla aure, a sasanta rigimar gado, a samo wa wani gurbin karatu ko wurin koyon sana'a.

Amma nauyin ba kowa ke ɗaukarsa daidai ba. Matan gida kan ce baƙi na maigida ne a zaure, na uwargida ne a murhu. Babban hutu kan faɗo daidai tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, farashin tiyar gero ya hau. Gidan ma'aikaci a Tawa ko Yamai mai ɗaki biyu kan wayi gari da yara goma. Baƙonka annabinka, haka ne, sai dai tukunya ba ta san wannan magana ba.

Tarihin da ake wucewa a guje

Abin da ziyarar ta rasa shi ne tsayawa a ga wuri. Kuma wuraren ba nesa suke ba.

A fara da Ƙonni kanta. Masana tarihi sun rubuta cewa a nan kakannin Shehu Usmanu, Toronkawa, suka yada zango bayan sun taso daga Futa Toro, suka zauna tsawon zuriya da zuriya. Shi kansa Shehu an haife shi a 1754 a Maratta, kusa da Galmi, kafin iyayensa su koma Degel. Ke nan tushen mutumin da ya kafa Daular Sakkwato yana cikin ƙasar da a yau ake kira gundumomin Ƙonni da Malbaza. Dubban matafiya na tsayawa Galmi sayen albasa ko ganin likita a asibitin da aka buɗe tun 1950, ba tare da sun san haka ba.

Sai kuma tabon 1899. A watan Mayun wannan shekara rundunar Faransa ƙarƙashin kyaftin Voulet da Chanoine, wadda ta nufi tafkin Chadi, ta faɗa wa birnin Ƙonni, ta karkashe jama'a masu ɗimbin yawa, ta ƙone gari. Makonni kaɗan kafin haka ta gwabza da Sarauniya a Lugu, can ƙasar Arewa. A watan Yuli sojojin Voulet da Chanoine suka juya musu baya suka kashe su a yankin Tasawa. Tsofaffin Ƙonni sun gaji labarin daga iyayensu, sun san inda ganuwa ta bi da inda aka binne mutane. Yara da yawa kuwa sai da aka yi fim ɗin African Apocalypse a 2020 suka fara jin abin da ya faru a garinsu.

Kilomita kaɗan daga gari akwai Masallata, inda Azna ke gudanar da arwa kowace shekara don duba yadda damina za ta kasance. Ko mutum ya yarda da abin ko bai yarda ba, yana cikin tsofaffin al'adun da suka rage a ƙasar Hausa, masu bincike kuma sun daɗe suna zuwa daga nesa dominsa.

Idan aka karya kwana a Tsarnawa aka nufi arewa, an shiga ƙasar Adar. Illela ce mazaunin Sarkin Adar, sarautar da ta samo asali daga Agabba, ɗan Sarkin Agadas, wanda ya ci yankin a ƙarshen ƙarni na 17. Farfesa Djibo Hamani ya yi littafi sukutum a kan tarihin Adar kafin zuwan Turawa, aka buga a 1975. Da Faransanci yake, kuma ba kasafai ake samunsa a hannun 'yan makarantar yankin ba.

Masallacin Yama da ginin Dandaji

A ƙauyen Yama, wajen Badagishiri, akwai ginin da ɗaliban zanen gine-gine a ƙasashen waje suka fi 'yan Ƙonni sani. A 1962 mutanen garin suka ɗora wa wani magini ɗan garinsu, Falke Barmu, aikin gina masallacin Juma'a. Gayya aka yi: wasu suka buga tubali, wasu suka ɗebo ruwa, wasu suka kawo itace, wasu hatsi.

Da farko gini ne mai sauƙi, ginshiƙai da rufin azara. Daga 1975 Falke ya sake rufin da bakan gizo, ya ɗora tulluwa a tsakiya, sannan ya tayar da hasumiya huɗu a kusurwoyi, aka kammala a 1982. Wanda ya tsaya a farfajiyar zai lura ba hasumiyar da ta yi kama da 'yar'uwarta. Kowace da tsayinta da adonta, tana siranta yayin da take hawa. A ciki kuwa, ko rana ta take, sanyi ne ke tarbar mutum, ga haske na shigowa ta ƙananan tagogi. A 1986 masallacin ya sami lambar Aga Khan ta gine-gine, wadda ake bai wa fitattun ayyuka a duniyar Musulmi.

A Dandaji, cikin gundumar Illela, garin da aka haifi tsohon shugaban ƙasa Mahamadou Issoufou, an yi wata dabarar. Maimakon a rushe tsohon masallacin ƙasa, sai aka gyara shi aka mai da shi ɗakin karatu, aka gina sabon masallaci a gefensa da tubalin ƙasa da aka matse. Mariam Issoufou Kamara da Yasaman Esmaili ne suka zana aikin, wanda aka sa wa suna Hikma, aka gama shi a 2018, ya kuma sami lambobin yabo na ƙasa da ƙasa.

Duka biyun, wanda ya tashi daga Ƙonni da safe zai iya zuwa ya gani ya dawo ya kwana gida.

Tsallaken iyaka

Birnin tarihi mafi kusa da Ƙonni shi ne Sakkwato, ƙasa da kilomita 100. Ana ƙetarawa ta ɗaya Illelar, ta Nijeriya, a bi ta Gwadabawa, yankin da Degel take, inda Shehu ya yi karantarwa kafin hijirarsa zuwa Gudu a 1804, inda kuma aka haifi 'yarsa Nana Asma'u. A cikin birni akwai Hubbare, inda aka binne Shehu a 1817, da masallacinsa da na ɗansa Bello, da fadar Sarkin Musulmi, da gidan tarihi na Waziri Junaidu mai ɗauke da tsofaffin rubuce-rubuce.

Iyakar da Ingila da Faransa suka shata a yarjejeniyoyin 1904 da 1906 ba ta raba dangi ba. Da wuya a sami gida a Ƙonni da ba shi da ɗan'uwa a ƙetare. Amma hanyar ta sha rufewa. Nijeriya ta rufe ta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. Aka sake rufewa bayan juyin mulkin 2023, sai a Maris na 2024 aka buɗe. A Janairun 2025 kuma Nijar ta kammala ficewa daga ƙungiyar CEDEAO, duk da cewa jama'a na ci gaba da kai da kawowa.

Canji ya taimaki mai sefa. Jaka guda da a 2019 ba ta kai naira dubu ba, a 2024 ta haura dubu biyu. Sai dai cire tallafin fetur da Nijeriya ta yi a 2023 ya ɗaga kuɗin mota a ɓangarorin biyu, don Ƙonni ta daɗe tana shan man da ke ƙetarowa. Direbobi na kokawa da yawan shingaye, iyaye kuma na tsoron 'yan bindigar da suka addabi gabashin Sakkwato da masu ɗauke da makamai a yankin Tangaza da Gudu. Wanda zai tafi da yara, da rana yake tafiya, a babbar hanya, bayan ya tambayi labarinta.

Agadas, Damagaram da ginin da ke narkewa

Mai ƙarfin aljihu da ke son ganin birnin da duniya ta san da zamansa, Agadas na nan, kimanin kilomita 400 gaba da Tawa. Hukumar UNESCO ta sa tsohon garin cikin kayan tarihin duniya a 2013. Hasumiyar masallacinsa, mai tsayin mita 27, tun ƙarni na 16 aka fara tayar da ita, da ƙasa zalla. Ga fadar Sarkin Abzin, ga gidan da Barth ya sauka a 1850, ga bikin Biyanu a farkon shekarar Musulunci.

A da jirage kan sauke Turawa kai tsaye a can. Tawayen 2007, da sace-sacen baƙi, da harin Kure na Agustan 2020 da ya ci rayukan Faransawa shida da 'yan Nijar biyu, sun durƙusar da harkar. Masu ja-gora da maƙeran azurfa da yawa sun sake sana'a. Hanyar Tawa zuwa Agadas ma ta daɗe tana wahalar da matafiya. Idan wannan kasuwa za ta farfaɗo nan kusa, 'yan ƙasa ne za su tashe ta.

Damagaram, wadda ta riƙe babban birnin ƙasar har 1926, tana da fadar sarki da unguwar Birni mai gidajen zane. A can ne aka ga abin da sakaci da ruwan sama ke iya yi: a Satumban 2024 tsohon masallacin birnin, na tsakiyar ƙarni na 19, ya rushe cikin ambaliyar da ta sa aka ɗage komawa makaranta zuwa ƙarshen Oktoba. Shekara guda kafin haka wani sashe na masallacin Zariya, aikin magini Babban Gwani, ya rufta kan masallata.

A Paris kuwa, cocin Notre-Dame ya ƙone a Afrilun 2019, aka tara kuɗi daga ko'ina, aka sake buɗe shi a Disamban 2024. Ba wai dutse ya fi ƙasa daraja ba ne. Ginin da miliyoyin mutane suka taɓa shiga yana da masu kuka in ya faɗi. Ginin ƙasa kuma kullum yana buƙatar yaɓe, in aka yi damina biyu uku ba a taɓa shi ba, sai labari.

Me ya hana a tsaya?

Manomi na da hujjarsa. Hutun makaranta ya zo daidai da noman fari da maimai, yaro kuma hannu ne a gona. Mai lambu a fadamar Ƙonni, inda madatsun Mozage da Zango ke shayar da fili sama da hekta dubu biyu, shi ko da rani ba ya samun sararin kansa.

Malaman addini ba bakinsu ɗaya ba. Mabiya ɗariƙu na ganin ziyarar Hubbare da makwantan bayin Allah abu ne mai lada. Malaman Izala na gargaɗi kada ziyara ta rikiɗe ta zama roƙon mamaci, suna kuma hana zuwa kallon arwa ɗungurungum. Akwai masu tsaka-tsaki da ke tunatarwa cewa Alƙur'ani ya yi umarni a yi tafiya a bayan ƙasa a ga yadda ƙarshen mutanen farko ya kasance, don haka ganin kufai da ganuwa wa'azi ne, ba shirka ba.

Malaman makaranta na nuni da wani gefen. Yaro kan haddace juyin juya halin Faransa na 1789 don jarrabawa, amma darasin tarihin gida ba ya wuce allo. Fita da ɗalibai na buƙatar mota da izini da abinci, makarantar da ke fama da rumfar zana kuwa ba ta da wannan kuɗi.

Matasa su ma suna da abin cewa: ko an je, me za a gani? A wurare da yawa ba allon bayani, ba mai ja-gora, ba inuwar zama, ba makewayi. In ba ka san dattijon da za ka tambaya ba, sai ka tsaya gaban tudun ƙasa ka juyo. A Turai kuwa kowane lungu da allonsa, Faransa ma tun 1984 ta ware ranaku a watan Satumba da ake buɗe tsofaffin gine-gine jama'a su shiga, galibi kyauta.

Sai kuma siminti. Masana'antar Malbaza, wadda ke aiki tun shekarun 1960, abin alfahari ce ga yankin, kuma ba mai zargin wanda ya gaji da yaɓe ya koma bulo. Amma inda ɗan biɗa ya aiko da kuɗi, abin da aka fi farawa da shi shi ne rushe tsohon masallaci ko zauren kakanni. Magina irin su Falke na ƙarewa, 'ya'yansu na koyon kwaɓa siminti.

Abin da ake asara

Asarar farko ta sani ce. Tarihin yankin nan mafi yawansa a bakin mutane yake: dattawa, maroƙan fada, limamai, tsofaffin mata. Duk wanda aka kai kushewa ba a ɗauki muryarsa ba, ya tafi da abin da ba a rubuta ba.

Ta biyu ta aljihu ce. Ƙonni mararraba ce. Motocin Yamai, Agadas, Damagaram da Sakkwato duk nan suke haɗuwa, matafiya na tsayawa su ci abinci su yi salla su wuce. Da ɗaya cikin ɗari zai kwana don ganin wani abu, da masu masauki, da 'yan kabu-kabu, da masu tuwo, da masu saƙar tabarma sun gani a tafin hannunsu.

Ta uku ta fi wuyar aunawa. Yaron da ya tashi yana jin cewa duk abin kallo a wata ƙasa yake, ba abin mamaki ba ne in ya girma ya ga ba abin zama a tasa. A yankin da samari ke bin hamada zuwa Libiya, wannan ba ƙaramar magana ba ce, ko da yake talauci ne babban mai kora.

Inda za a fara

Ba sai an jira ma'aikatar yawon buɗe ido ba. Iyalin da suka riga suka biya kuɗin mota zuwa Badagishiri, ƙarin da za su yi su kai Yama bai taka kara ya karya ba. Wanda ya je biki Sakkwato zai iya ware safiya guda ya kai yara gidan tarihi. Wanda ya kai jikoki wajen kaka zai iya kunna wayar nan da ake kallon Turai da ita, ya ɗauki labarin da za ta bayar na asalin gidansu, da yunwar da ta gani, da waƙoƙin daka na zamaninta.

Lokaci ma ana iya sauya shi. Bayan kaka, hatsi ya shigo, hanya ta bushe, sanyi ya sauka. Hutun ƙarshen Disamba gajere ne, amma ya isa tafiyar kwana biyu, kuma a 'yan shekarun nan yakan zo daidai da kokawar takobin ƙasa, wadda aka fara a Tawa a 1975.

Ƙananan hukumomi da masarautu na da nasu rabon, kuma ba mai tsada ba ne: allon bayani da Hausa, a boko da ajami, a Maratta da wuraren da abin 1899 ya faru, matasa biyu uku a kowane gari da za su zauna gaban dattawa su koyi labari, su riƙa raka baƙi a ba su ɗan abin goro, ranar gayyar yaɓe kafin damina, irin wadda mutanen Jenne ta ƙasar Mali ke yi wa masallacinsu kowace shekara. Gidajen rediyon yankin na iya ware rabin awa a mako, ƙungiyoyin 'yan biɗa da ke gina masallatai da rijiyoyi kuma su sa gyaran tsohon gini cikin lissafinsu.

Wanda Allah ya hore wa zuwa Roma ko Kurɗuba, ya je, gani ya kori ji. Sai dai a can ma abokin ɗansa zai tambaye shi me ke akwai a garinsu. Ɗan Ƙonni ko Malbaza ko Illela na da amsar da za ta cika baki, muddin wani babba ya taɓa kama hannunsa ya kai shi ya gani.